Kacalla Ba Ta Mutuwa Da Yanka Ɗaya: Nasiha Kan Kyautata Sana'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwana mata, nasiharmu ta wannan fitowa ta samo asali ne daga wata magana da aka yi mini a ƙasar Guri, bayan mun tashi daga ta'alimi. Wata baiwar Allah, uwargida mai 'ya'ya da jikoki, ta riƙo gefen hijabina ta ce, "Malama, ki taya mu da addu'a, an yi mana baki." Na ce, "Subhanallahi! Hajiya, me ya faru?"

Ashe su goma sha wani abu ne suka haɗa kai suna sana'ar turara shinkafa. Suna sayen shanshera lokacin kaka, su turara, su shanya, su kai inji, su sayar. An taɓa zuwa an koya musu gyaran aikin na 'yan kwanaki, har aka ba su tamfol na shanya. Shinkafarsu ta fito fes, ba tsakuwa, ba wari, har wani dillali daga Haɗeja ya riƙa zuwa da mota yana kwashewa, yana ƙara musu kuɗi a kan na kasuwa. Ana nan ana nan sai ya fara ƙorafi, daga ƙorafi ya rage kuɗi, daga nan ya ɗauke ƙafa.

Na ce ta kai ni inda suke aikin. Tamfol ɗin nan na same shi a kan rufin ɗakin da ke yoyo, an danne shi da duwatsu. Shinkafar kuwa tana shanye a bakin hanya, awaki na ratsawa, babura na watsa mata ƙura. Na tambayi wanke shanshera kafin jiƙo, aka ce ai yara sun yi ƙaranci, an daina. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a koma gidan jiya. Yau an bar wannan saboda sauri, gobe an bar wancan saboda biki, shi ke nan.

Na ce mata, "Hajiya, kambun baka gaskiya ne, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da shi, kuma addu'a za mu yi. Amma wannan ba baki ba ne, kacalla ce ta dawo." Ta yi dariya, don ta gane nufina. Ga waɗanda ba 'yan yankin ba kuwa, bari in yi bayani.

Labarin kacalla

Tsofaffin Guri da Kadira da Abunabo da Margadu sun san lokacin da kogin Haɗeja yake da ƙa'ida. Da damina ya cika ya malale fadama, a noma shinkafa, a kama kifi. Ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin raɓa, Fulani su sauko da shanu. Da rani ya tsananta rassan kogin su ƙafe, duk ciyawar da ke son ruwa ta bushe. Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, dukkansu a jihar Kano. An amfana da su wajen noman rani da ruwan sha, ba mai musun wannan. Amma tun daga nan ruwa ya zama yana gudana rani da damina, ita kuwa kacalla abin da take so ke nan: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa.

Ta cika hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo. In ta tare gudun ruwa sai taɓo ya kwanta, in taɓo ya kwanta sai ta ƙara samun wurin zama. A ƙasan Haɗeja kogin ya rabu rassa, akwai Marma da ta nufi Nguru, akwai Burum Gana, akwai tsohon kogin Haɗeja. Da hanyoyi suka toshe sai ruwa ya karkata, wasu garuruwa gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma suna kallon busasshen rafi. Ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ta zama gidan sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kwale-kwalen masunta ya rasa hanya. Kuma duk shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2020 da 2022, toshewar nan tana cikin abin da ke ƙara wa ambaliya ƙarfi a yankin.

A shekarun 2000, da tallafin wani shiri na hukumar DFID ta Birtaniya, garuruwan yankin sun fito aikin gayya, maza suka shiga ruwa da lauje da adda suna buɗe hanyoyin da suka toshe, ciki har da Burum Gana. Ruwa ya koma inda ya daɗe bai je ba, mutane suka yi murna. Gwamnatoci ma sun sha kawo injinan yasa. To amma duk wanda ya taɓa shiga wannan aiki zai gaya miki abu biyu. Na farko, in aka yanke ta a saman ruwa, wahalar banza aka yi, don saiwarta tana kwance cikin taɓo, 'yan makonni kaɗan ta sake tofowa. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska. Na biyu, ko an yi hakan, in aka juya baya aka ce an gama, za ta dawo. Hanyar ruwan da ta zauna a buɗe ita ce wadda mutanen garin suka mayar da gyaranta al'ada, suka san lokacin fita ba sai an zo da mota daga birni an kira su ba.

'Yar uwa, haka aibi yake a cikin kowace sana'a. Ko turara shinkafa kike, ko kyafe kifi, ko matsar man gyaɗa, ko saƙar tabarmar kaba, ko ɗinki, ko kuwa ke malamar Islamiyya ce ko ma'aikaciyar asibiti, akwai kacallarki. Ba ta buƙatar ki shuka ta. Sakaci kaɗai ya ishe ta.

Abin da addini ya ce

Allah (SWT) Ya gargaɗe mu a Suratun Nahli, aya ta 92, kada mu zama kamar matar da ta kaɗa zarenta ya yi ƙwari, sannan ta koma ta warware shi da hannunta. Ayar tana magana ne kan warware alkawari bayan an ƙulla shi, amma dubi misalin da Ubangiji Ya zaɓa: sana'ar mace ce, kuma asarar ba ɓarawo ne ya jawo ta ba. A Suratul Mulki kuma, aya ta 2, an sanar da mu cewa jarrabawar rayuwa a kan wanda ya fi kyautata aiki take, ba a ce wanda ya fi yawan aiki ba.

Imamul Baihaƙi ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Allah Yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya inganta shi. Malamai sun yi magana kan isnadin hadisin, Shaikh Albani ya inganta shi, kuma ma'anarsa tana da madogara a hadisin Muslim daga Shaddadu ɗan Ausu (RA), wanda ya nuna Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wasa wuƙa kafin yanka. In har wuƙar yanka ta shiga lissafi, ina ga tukunyar da za ki ciyar da gidajen Musulmi da ita?

Amma hadisin da na fi son mu tsaya a kansa shi ne wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, shi ma daga Nana A'isha, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Da aka tambaye ta yadda ibadar Manzon Allah (SAW) take, sai ta siffanta ta da kalmar da Larabawa suke kiran ruwan sama mai sauka a hankali ba ya yankewa. Mutanen fadama sun fi kowa sanin bambancin. Ruwan da ya sauka a natse shi ke shiga ƙasa ya raya shuka, wanda ya zo a dare ɗaya kuwa katanga yake rushewa, ya tafi. Mu kuma gyaranmu yawanci irin na biyun ne. A dawo daga bita da zafi, a sayi sabuwar rariya, a share tsakar gida, a yi mako uku ana abin kirki, sai wutar kara ta mutu. Manzon Allah (SAW) ya ja kunnen Abdullahi ɗan Amru (RA) kada ya zama kamar wani mutum da ya saba tsayuwar dare sannan ya bari. Hadisan nan kan ibada suka zo, haka ne. To neman halal da niyyar ciyar da iyali da rufa wa kai asiri shi ma ibada ne, kuma zuciyar da ta saba yin abu ta watsar, ita ɗin ce dai a kan sallaya da kuma a gindin murhu.

Yanka a ƙarƙashin ruwa

Mu koma ga shinkafar su Hajiya. Mai saye ya ce akwai tsakuwa. Abin da aka saba shi ne a zaunar da yara su tsince, ko a ce wa mai saye ai kowa yana regewa kafin ya dafa. Wannan yanka ne a saman ruwa, buhu na gaba ma da tsakuwarsa zai zo. Tambayar ita ce, a ina tsakuwar ta shiga? In daga masussuka ta zo, to a wanke shanshera sosai kafin jiƙo, a kwashe holoƙon da ya taso sama, a bar yashi da tsakuwa a gindin mazubi. In a wurin shanya ta shiga, to maganin tamfol ne ko daɓe mai tsabta, ba ƙarin yara masu tsinta ba. In shinkafa tana wari, a duba ruwan jiƙo, ko ya yi sanyi ko ta kwana biyu a ciki har ta fara tsami. In tana kakkaryewa a inji, kada a yi saurin zagin mai inji. Sau da yawa ranar tsaka ce ta busar da ita da gaggawa har ƙwayar ta tsage, alhali da an juya ta akai-akai, an ƙarasa shanyar a inuwa, da ta fito da tsawonta.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin kuɗi sosai. Daga 2011 zuwa 2016 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta yi aiki da masu gyaran shinkafa a jihohin Nasarawa da Neja, kuma cikin abin da aka yaɗa akwai faifan ƙarfe mai huji-huji da ake sakawa cikin tukunya, ruwa kaɗan a ƙasa, shinkafa a sama, tururi ne kawai ke dafa ta. Ta gindi ba ta ƙonewa, launi yana zuwa ɗaya, itace yana raguwa. Maƙerin garinku zai iya yi miki. Amma ina roƙonki kada ki juye jarinki duka a kan sabon abu. Gwada da tukunya ɗaya, ajiye ta gefe da ta tsohuwar hanya, kai su inji daban-daban, idonki zai ba ki hukunci.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne batun bushewa, don nan sakaci yake rikiɗa ya zama zunubi ba a ankara ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Ki lura, mutumin bai zuba ruwa da gangan ba, ɓoyewa kawai ya yi. Shinkafar da ba ta gama bushewa ba ta fi cika kwano, ta fi nauyi a buhu, kowa ya sani. Ranar farko hadari ne ya sa aka kwashe ta da wuri. Rana ta biyu an ga kuɗin ya ɗan fi. Rana ta uku ya zama ɗabi'a. Can a wani gida kuwa, wata 'yar uwarki ta buɗe buhun da mijinta ya sha wahala ya sayo, ta tarar ya yi fumfuna. Wallahi wannan haƙƙi ne, kuma ba a wanke shi da yawan nafila.

Wa ke da bakin magana?

Yanzu ga inda yawancin ƙungiyoyinmu da gidajen sana'armu suke faɗuwa. Yarinyar da ke iza wuta ta san tukunyar da ke ƙona gindi. Matar da ake biya ta juya shanya ta san yaushe aka fara kwashewa da danshi. Amma wa zai faɗa? In ta buɗe baki, sai a ce, "Ke yaushe aka haife ki? Tun kafin a auri uwarki nake wannan sana'a." In kishiya ce ta faɗa, an ce hassada ce. In amarya ce, an ce rashin kunya. Sai kowa ya ja bakinsa, aibi ya yi ta girma, har sai baƙo ya zo ya faɗa da ƙafarsa, wato ya daina zuwa.

Japanawa suna da kalma, kaizen, ma'anarta gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa, kuma kamfanin motoci na Toyota ya yi suna da ita. Tun 1951 ya buɗe tsarin karɓar shawarar ma'aikata. Ya kuma shahara da wata igiya da aka rataya a layin haɗa motoci, wadda ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga aibi, shugaban sashe ya zo da sauri, in ba a warware matsalar nan take ba layin ya tsaya. Ba igiyar ce abin mamaki ba, abin mamaki shi ne ba a hukunta wanda ya ja ta. Mu kuwa da aka gaya mana addini nasiha ne, aka ce mumini madubin ɗan uwansa ne, mu ne muke fushi da madubi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA), yana Sarkin Musulmi, yakan yi addu'ar rahama ga wanda ya nuna masa aibinsa, yana ɗaukar abin a matsayin kyauta.

Don haka ke uwargida, ke shugabar ƙungiya, ke mai shagon ɗinki da 'yan koyo, nauyin yana wuyanki. Ranar farko da ƙaramar cikinku ta ce, "Inna, wannan bai bushe ba," yadda kika amsa mata shi zai nuna ko za a sake gaya miki gaskiya. In kika ce, "Allah Ya yi miki albarka, mayar da ita shanya," kin sami mai tsaron sana'arki kyauta. Ke kuma mai gyara, ki faɗa a keɓe, da ladabi, ki soki aikin ba mai aikin ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Masu aikin albashi ban manta da ku ba. Rajistar ɗalibai da ake cikawa sai an ji masu duba makarantu na tafe, da ɗakin haihuwa da ake wankewa sai baƙi za su zo, duk yanka ne a saman ruwa. Wanda ake yi dominSa ba Ya jiran ranar ziyara.

Kada a ɗauki abin da ba za a iya ba

Wata za ta ce, "Malama, ga miji, ga yara, ga girki, ga surukai, ina lokacin wannan duka?" Gaskiyarki. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshu (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu, har aka gane ita ce mai dogon hannun da Manzon Allah (SAW) ya ce za ta riga sauran matansa riskarsa. Sana'a ba ta rage mata daraja ba. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da salla, sai ya sa aka kwance, ya ce a yi salla lokacin nishaɗi, in an gaji a zauna. Gyaran da zai sa ki fitar da salla daga lokacinta, ko ki hana 'yarki zuwa makaranta don ta tsinci tsakuwa, ko ki shiga haƙƙin maigida, ba zai ɗore ba, kuma ba shi ake nema ba. Ki shawarci maigidan, sau da yawa shi ne mai zuwa gona da inji da kasuwa, yana jin abin da masu saye ke faɗa wanda ba ya iso miki.

Abin da muka tsayar da su Hajiya kaɗan ne. Kowace Alhamis bayan La'asar, ranar da suke zubin adashi, za su ɗebo kwano ɗaya daga shinkafar makon, a zuba a faifai, kowa ta duba ta ciza, a fara jin ta bakin ƙaramar cikinsu kafin manya. Aibi ɗaya za a zaɓa, ba biyu ba, kuma ba a ɗauko wani sai wannan ya zauna. Wata jikar Hajiya mai zuwa sakandare ta riƙe littafi, tana rubuta kwanon shanshera nawa aka turara, nawa ya fito, me aka canza a makon, don kada ilimin ya tafi da wadda aure ko rasuwa ta ɗauke. Suka kuma ware ɗan abu daga kowane zubi don gyaran kayan aiki, tunda rashin kuɗin gyaran rufi ne ya kai tamfol kan ɗaki tun farko.

Da na sake bi ta garin bayan wata biyu, an sauko da tamfol, an yaɓe rufin, an dawo da wanke shanshera. Batun faifan ƙarfe suna ta gardama a kai, ba su gwada ba. Dillalin Haɗeja bai dawo ba tukuna, a kasuwa suke sayarwa kwano-kwano. Hajiya ta ce ta aika masa da kwano ɗaya ta hannun ɗanta, ba tare da wani saƙo ba, suna jiran abin da zai ce.